Ƙasar da muke nomawa ta gaji, kuma hayar shekara ɗaya ba za ta bari mu gyara ta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, domin maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi. Ina saye da sayar da masara da wake, ina kuma noma a wani ƙauye da ke bayan Ejura, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga gida idan hanyar Mampong ba ta cushe ba. Shekara 27 ke nan ina wannan kai da kawo. Duk majalisar da na zauna a Zango, daga Aboabo zuwa Asawase har Alabar, in aka taɓo zancen gona abu biyu ake faɗa: taki ya yi tsada, ruwan sama ya canja hali. Duka gaskiya ne. Amma da wuya ka ji wanda zai ce ita ƙasar ce ta gaji, balle ya yarda cewa da hannunmu a gajiyar da ita.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne wata Hajiya mai sayar da waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin layinmu, wadda ta fi shekara 15 tana sayen wake a hannuna. Ranar nan ta zo, na buɗe mata buhu, ta damƙi waken ta duba, ta ce, “Alhaji, wannan na ina ne?” Na ce na Nijar ne. Ta nuna ɗayan, na ce na Burkina. Sai ta kakkaɓe hannunta ta ce, “Wai mu a Gana ba mu da ƙasa ne? Ga ruwa sau biyu a shekara, amma sai mutanen da ke samun sa sau ɗaya ne za su ciyar da mu wake?” Ban ba ta amsa ba a lokacin. Kalmar waakye kanta daga bakinmu ta fito, daga wake. Ƙosan da ake ci da koko kowace safiya daga Kumasi har Accra, wake ne. Mu muka fi kowa sanin darajarsa a tukunya, mu ne kuma muka kore shi daga gonakinmu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Sakkwato, daga baya ya kama noma. Ina yaro idan aka ba mu hutu nakan bi shi gona, kuma abin da nake gani ba ya burge ni ko kaɗan. Masara a nan, wake na yaɗo a tsakaninta, gyaɗa a gefe, gurjiya a inda yashi ya yi yawa, rogo a kan iyaka. Bara inda ya sa gyaɗa, bana nan zai sa masara. Bayan 'yan shekaru sai ya bar wani yanki ya huta, ya zama saura. Na taɓa tambayarsa, “Baba, me ya sa ba za mu shuka masara zalla ba kamar manyan manoma?” Ya ce a garinsu ba a barin gero shi kaɗai a gona, sai an haɗa shi da ɗan'uwansa wake, don gero ci yake yi, wake kuwa ajiya yake yi. Ni a lokacin na ɗauka rashin kuɗin tarakta ne yake lulluɓewa da magana.

Da ya rasu gonar ta dawo hannuna a 1998, na share duk wannan. Na kama eka 12 haya, na zuba masara zalla, irin Obatanpa da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992, wadda a lokacin kowa ke yabo, kuma ta cancanci yabon. Babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli, masara. Ƙaramar damina, daga Satumba zuwa Nuwamba, masara. Da hunturu ya shigo kara ya bushe, a kyasta ashana. Ruwa na sauka, a kira mai tarakta ya kafta ƙasa da garmar faifai, a shuka, a zuba NPK, bayan 'yan makonni a bi da amoniya. Shekarun farko nakan ɗauke buhu 9 ko 10 a eka. Na yi aure na biyu da kuɗin wannan masara, na rufa ɗakuna, na je Makka. Saboda haka ba na zagin masara, ba na kuma raina wanda ke bin wannan hanya yau, na san abin da ya gani.

Sai dai abin ya riƙa sauka a hankali, yadda ba za ka farga ba. Buhu 8, buhu 7, kai ta ƙara taki kana ganin kamar na bara ne bai isa ba. Kowace shekara da abin da zan ɗora wa laifi: ruwa ya makara, iri ba shi da kyau, leburori sun yi ha'inci. A 2017 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta mamaye ƙasar nan, na samu babban abin da zan jingina wa asarata. Tofa ta fara cin gefen gonar, ganyen masara ya riƙa fitowa fari-fari kamar mai ciwon shawara, ni dai ina ta neman dalili a sama da gefe, ban duba ƙarƙashin ƙafata ba.

Ranar da na duba ba zan manta da ita ba. Cikin watan Afrilu ne, kwana biyu bayan tarakta ta gama, aka kwana ana tafka ruwa. Da asuba bayan salla na zagaya gonar. Tana da ɗan gangare wanda in kana tsaye ba za ka ma lura da shi ba, kuma mai tarakta, don ya sauƙaƙa wa kansa juyi, ya bi gangaren ne daga sama zuwa ƙasa. Kowane layin garma ya zama ƙaramin kwalbati. Na bi ruwan har gindin gonar, na tarar da ƙasata, baƙar nan mai laushi da nake biyan haya saboda ita, ta taru a cikin kwazazzabo har tana kai mini idon sawu, sauran kuma ta bi rafi, ruwan ya yi ja wur. A saman gonar abin da ya rage yashi ne da tsakuwa. Na karɓi fartanya daga hannun yaro na fara haƙa. Taƙi ɗaya ƙasa na bin fartanya kamar gari, daga nan sai ƙarfen ya yi ƙara, kamar na sari daɓe. Na tono wani tsohon gindin masara na bara da wuta ba ta cinye ba, na ga saiwarsa ta sauka ta iske wannan daɓen, ta lanƙwashe ta bi gefe. Shekara da shekaru faifan garma da tayar tarakta suna bi ta zurfi ɗaya, sun niƙe na sama sun dandaƙe na ƙasa. Ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta shiga. Shi ya sa in aka yi kwana 10 babu ruwa masarata ke naɗe ganye, alhali an yi ruwan da ya isa a makon da ya wuce. Na haƙa wuri biyar a safiyar nan, ban ga tana ko ɗaya ba.

Duk da haka ban canja ba sai da aljihu ya tilasta mini. A 2021 takin tallafi ya yi wuyar samu, na kasuwa kuma ya fara tashi, kafin ma yaƙin Rasha da Yukiren ya zo a 2022 ya ƙarasa shi. Ƙaramar daminar 2021 kuɗina bai kai na sa wa eka 12 taki ba, sai na ware eka uku mafi lalacewa na watsa musu wake, don kawai kada su zauna haka nan. Waken bai yi wani abin a zo a gani ba. Amma da babbar damina ta zagayo na mayar da masara ko'ina, taki iri ɗaya, rana ɗaya, sai ga eka ukun nan sun fita daban. Daga kan hanya kana iya nuna iyakar inda wake ya tsaya: nan kore shar har yana baƙi-baƙi, can kuwa ruwan ɗorawa.

Wani malamin gona, yaro matashi da ke zagayawa a kan babur, shi ya buɗe mini ido a kan dalili. A gonar maƙwabcina ya tuge gindin wake ɗaya da ke fure, ya kakkaɓe ƙasar a hankali, ya ce, “Baba Alhaji, duba nan.” A jikin saiwar akwai 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Na sha ganinsu, na ɗauka cuta ce. Ya sa farce ya fasa ɗaya, cikinsa ja-ja kamar tsokar nama. Ya ce wannan jan shi ne alamar ana aiki. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zaune a ciki, wake na ba su abinci, su kuma suna kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma masara ba ta iya taɓa ko ɗigo daga ciki, sai an kawo mata a buhu. Buhun yuriya mai kilo 50 kashi 46 cikin 100 ne naitirojin a ciki, na amoniya kashi 21. Wato abin da nake bin layi ina cin bashi don in saya, yana nan a saman gonata, kuma wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya Allah ya ba su mabuɗinsa. Nan take maganar Baba ta faɗo mini, gero ci yake yi, wake ajiya yake yi. Na juya baya don kada yaron ya ga idona.

To amma, Malam Edita, ba na so wani ya karanta wannan ya je ya shuka wake ya ce ya rabu da sayen taki, sannan ya dawo yana tsine mini. Akwai sharuɗɗa, kuma na koye su ne da asara.

Babba daga ciki shi ne harawa, kuma a nan ne mu mutanen Zango muke da tamu matsalar ta daban. Naitirojin ɗin da wake ya tara, yawancinsa yana cikin ƙwaya da ganye da kara. Ƙwaya dai dole a kai ta kasuwa. In ka kuma tattare harawar ka ɗaure ka loda wa mota, me ka bar wa ƙasa? Saiwa kawai da ɗan ganyen da ya kaɗe. Gyaɗa ma ta fi muni, don ita da saiwar ake tuge ta. Mu kuwa kowane gida a Aboabo da Sawaba da Moshie Zongo akwai ragon da ake kiwo don Layya, kuma harawa kuɗi ce a hannu. Ƙanena da ke kula da gonar idan ba na nan, mun yi cacar baki da shi sosai a kan wannan. Ya ce, “Yaya, kana so in bar kuɗi a ƙasa gara ta ci?” Ban ga laifinsa ba, yana da iyali, kuma kason harawa nasa ne tun asali. Abin da muka daidaita a kai shi ne: a tsinke wake a bar kara a tsaye, a ɗebi harawar kashi ɗaya cikin uku, sauran ta kwanta inda ta tsiro. Kuma motar da ta kawo harawa Kumasi ba za ta koma wayam ba, sai da buhunan kashin tumaki. Wannan abu yana ba ni takaici ƙwarai: takin da ake sharewa daga garken gidajenmu kowace safiya, a zuba a kwata, ya toshe magudana, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakunan mutane, shi ne fa abincin da gonakinmu ke kuka a kansa. Ƙarfin ƙasar Ejura ne muka ɗauko a mota, rago ya ci, muka tura shi rafin Aboabo. Ga kuma gidajen kaji da suka kewaye Kumasi, nasu takin ma ya fi ƙarfi, in dai an bar shi ya huce kafin a zuba.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. Wake ba ya ƙirƙiro fosfaras, kuma in ƙasa ba ta da shi ƙulle-ƙullen nan ba sa yin kirki, don haka ɗan takin fosfaras a lokacin shuka ba asara ba ne. Waken suya, musamman a gonar da ba a taɓa sa shi ba, yana son a cuɗa irin da garin ƙwayoyin nan da ake sayarwa a ƙaramar leda, a inuwa, a shuka a ranar. Shi waken suya kuma ƙwayarsa na kwashe kusan duk abin da ya tara, in ka kai shi wani wuri ka sussuke ka ƙone ɓawon, kada ka sa ran komai. Masarar da ta biyo bayan wake tana son taki har yanzu, sai dai ba kamar da ba, kuma wanda ka zuba yana kama ta. Wake na da ƙwari, daga fure har rumbu, wanda bai shirya feshi a kan lokaci da buhun ajiya mai leda biyu a ciki ba, zai sha wuya. Iri kuwa akwai: Asontem daga Fumesua, Padituya da Songotra daga cibiyar Nyankpala kusa da Tamale, da waken suya Jenguma wanda ba ya saurin fashewa a gona. Masu saurin nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki sun gama, sun dace da ƙaramar damina wadda ba ta da tabbas. Ga 'yan'uwanmu na arewa da wuta-wuta ta addaba, juyin masara da waken suya na rage ta, don yana sa ƙwayarta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Wanda kuma ke son ya san ainihin abin da ƙasarsa ta rasa, cibiyar binciken ƙasa tana nan Kwadaso, cikin garin nan, ana kai musu ƙasa su auna. Na shekara fiye da 20 ina wucewa ta kusa da wurin ban taɓa shiga ba.

Maganar kaftu ta fi wuyar shiga kai, don mun taso muna ganin gonar da aka kafta ta yi ja, babu ko tsinke, ita ce gonar mai himma, wadda ke da ciyawa a kwance kuwa ta malalaci ce. Asantawa suna da tsohuwar al'ada da suke kira proka: a sassabe, a bar abin da aka sare ya ruɓe a wurin, ba a sa wuta. A Amanchia, can wajen Nkawie, Dokta Kofi Boa ya kafa cibiya ta koyar da noma ba tare da kaftu ba, kuma manoma daga ko'ina suna zuwa. Na bi wata tawagar manoma na je, gani ya kori ji. Babu inda za ka ga tsiraicin ƙasa. Ko dai shuka na kai, ko busasshen kara da ganye sun rufe ta, a buɗa ɗan rami da adda a jefa iri. Na tsuguna na tura hannu ƙarƙashin ganyen da rana tsaka, na ji sanyi da danshi, na damƙo ƙasa baƙa mai ƙamshi tana warwarewa kamar dambu.

Na dawo na gwada a eka biyar, har da ukun nan na wake. Sau ɗaya na sa aka tsaga daɓen nan na ƙasa da dogon haƙori, a gicciye, daga nan ban sake sa garma ba. Shekarar farko ba ta yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa. Ɓeraye da makwarwa sun tone iri har sai da muka yi ƙari. Leburori sun ƙi shuka a cikin kara sai da na ƙara musu kuɗi, suna tsoron maciji, kuma tsoronsu na kan hanya. Masarar ta fara da rawaya, domin ƙananan halittun da ke ruɓar da busasshen kara su ma naitirojin suke ci kafin su sako shi daga baya. Nan ne na gane cewa abubuwan biyu ba sa rabuwa: barin kaftu ba tare da wake ba yunwa ce ga masara, wake kuma a gonar da ake ƙonewa ana kaftawa, ajiya ce a cikin kwando. Maƙwabta kuwa har gida suka aiko a tambaya ko lafiya nake.

Ina kuma da ja da abin da wasu ke kira noma ba kaftu alhali feshi ne kawai. A ƙone gona ƙurmus, ciyawa ta fito a yi mata wanka da maganin kashe ciyawa, a shuka a kan fako. Wannan ba gyara ba ne, ƙasar tana nan tsirara, rana na dukanta, ruwa na wanke ta. Ga yaranmu suna feshin da silifa da gajeren wando, ba abin rufe hanci, su wanke tanki a rafin da ake sha. Ni ma ina amfani da maganin, ba zan ɓoye ba, amma tun da ƙasa ta rufu, abin da nake saya ya ragu, don ciyawa ba ta son duhu.

Shekarar 2024 ce ta raba gardama. Kowa ya tuna farin da aka yi a Yuli da Agusta, wanda ya ƙone gonakin arewa da na tsakiyar ƙasar nan har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya waje. Mu da ke kusa da iyakar Bono ta Gabas ya taɓa mu. Eka biyar ɗin nan na shuka su da ruwan farko, don ba na jiran kowa. Sauran bakwai kuwa sai da na yi mako uku ina bin mai tarakta, kowa na son sa a lokaci ɗaya, na shuka a makare, fari ya same su suna shirin goyo. Ban ce rufin ƙasa kaɗai ya yi aikin ba, saurin shuka ma ya taimaka, amma shi ma saurin ai daga barin garma ya zo. A ƙarshen Yuli na tsaya a kan iyakar biyun. Hagu, ganye ya naɗe kamar tabarma, ƙasa ta yi zafin da ba ka iya tsayawa babu takalmi. Dama, na ɗaga kara na ga kashin tana tuli-tuli, na tona da yatsa na ji laima. A biyar ɗin na samu abin da ya biya bashi ya ciyar da gida. A bakwai ɗin, ko kuɗin tarakta da taki ban mayar ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce dole in rubuto. Farkon shekarar da ta biyo baya na je biyan haya kamar kullum, da goro da abin gaisuwa. Mai ƙasar, wanda muka shekara da shekaru muna mutunci, ya karɓe ni hannu biyu, sannan ya ce eka biyar ɗin nan ɗan 'yar'uwarsa na so zai noma, in ɗauki wasu biyar a can gaba. Na ce, “Nana, shekara uku ina jinyar wurin nan.” Ya ce ya sani, ai shi ya sa yaron ya nuna nan. Ba mu da takarda, ba mu da shaida, magana ce ta baka da ake sabuntawa kowace shekara tun zamanin Baba. Ƙasarsa ce, bai karya wata doka ba. Wata biyu bayan haka na wuce ta wurin na ga an sa wuta, tarakta na bin gangare daga sama zuwa ƙasa. Sai da na tsayar da babur na zauna a gindin bishiya, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Tun ranar na daina ganin laifin maƙwabtana da suka ƙi bin shawarata. Ba jahilci ba ne. Yawancin mu 'yan Zango, da Dagombawa da Konkomba da Mosawa da sauran waɗanda suka sauko daga arewa, a kan ƙasar haya muke noma, ko ta kuɗi ko ta rabon amfanin gona da mai ƙasa, wato abunu (a raba biyu) da abusa (a raba uku). Gyaran ƙasa aikin shekara uku ne zuwa biyar. Wa zai yi kiwon saniya shekara uku yana sane cewa ranar da ta fara ba da nono za a kwance ta? Mai hayar shekara ɗaya lissafinsa ɗaya ne, ya tatse abin da zai iya kafin a karɓe. Mai ƙasa kuma yana ganin ya ci riba, alhali jikokinsa zai bar wa tsakuwa. Malaman gona za su iya shekara suna yawo da babur suna fasa ƙulle-ƙullen wake da farce, in ba a taɓa wannan ba, a banza.

Don haka ina kira ga sarakunan Zango na Kumasi da Ejura da Techiman da Atebubu, su zauna da sarakunan da ke da ƙasa a fito da takardar haya mai sauƙi, ta shekara biyar, da shaidu daga ɓangarorin biyu. A rubuta a ciki cewa mai haya ba zai sa wuta ba, zai sa wake ko gyaɗa aƙalla damina ɗaya cikin uku, in zai yi kaftu zai gicciye gangare. Shi kuma mai ƙasa ba zai karɓe ba kafin wa'adi, in kuma dole ta sa, zai biya wahalar da aka yi. Dokar filaye ta 2020 ta tanadi ofisoshin kula da filayen gargajiya inda ake ajiye irin wannan yarjejeniya. Mu Musulmi ma bai kamata a koya mana rubuta alkawari ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. A haɗa da maganar wuta, domin ko ka bar karanka, mai farautar gyazbi na iya cinna masa ashana cikin dare ɗaya, da kuma maganar shanu, a san lokacin da za su shiga da inda za su tsaya, tun da kashinsu ma taki ne in an yi abin da yarda.

Mu 'yan kasuwar hatsi kuma namu laifin yana nan. Mu ne ke ba ƙananan manoma kuɗin tarakta da taki kafin damina, mu ce a biya mu da masara, masara kawai, damina biyu a shekara. Manomin da ke son ya sa wake ba shi da iko, don bashinmu na wuyansa. Ni na yi haka shekaru da yawa. Bana na gaya wa mutum shida da ke karɓa a hannuna cewa na ƙaramar damina da wake ko gyaɗa za su biya, ni zan kawo iri da maganin feshi. Huɗu sun yarda, biyu sun ce sai sun ga na sauran. Ina roƙon abokan sana'ata su gwada ko da mutum ɗaya ne, kasuwar wake dai ba sai an nemo mana ita ba, tana bakin layinmu da tukunyarta. Gidajen rediyonmu masu shiri da Hausa su ma su ba wannan magana ko rabin awa ne a mako, a kira manoman da suka gwada su faɗa da bakinsu, da daɗin da wuyar.

Eka biyar ɗin da aka ba ni a can gaba fako ne, tofa ta cinye rabinsu. Na koma wurin mai ƙasar da limamin ƙauyen da wani dattijo daga danginsa, mun yi zama uku, a na ukun ya yarda da shekara huɗu, ya ƙi biyar, muka sa hannu shi ya dangwala. Mun tsaga ƙasar a gicciye makon jiya, kashin tumaki buhu 40 na can a jibge an rufe da kara, irin wake kuma na ɗakina. Da ruwan Satumba ya zauna za mu shuka, in Allah ya yarda. Duk wanda ke son ya gani, ya tambayi masu wake a Aboabo za a nuna masa rumfata, mu tafi tare a tsakiyar Oktoba lokacin da yake fure, ya zo da fartanyarsa ya haƙa inda ya ga dama.

Wassalam.

Naka,
Manomi kuma ɗan kasuwar hatsi,
Aboabo, Kumasi